Gwaggo Ba Ta Minshari

Gwaggo ba ta minshari. Haka take faɗa, kuma duk wanda ya musa mata ya shirya jin tarihin kansa tun daga yaye. Yayar mahaifina ce, ita ce mai gidan burodin da ke ƙarshen layinmu, daura da masu facin taya. Tun ina ƙarami nake jin abin da ba ta yi ɗin yana fitowa ta tagar ɗakin fulawa da rana tsaka. Gurnani ne mai kauri, ya yi ta tafiya, sai ya yanke kamar an ɗauke wuta. Shirun ya yi tsawo har ka fara tunanin leƙawa, sannan ta fizgo numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Masu faci sun saba. Sukan ce injin Uwar Tanda, kamar yadda suke kiranta, ya fi nasu lafiya, amma ba a gabanta ba.

Ba gadon burodi ta yi ba. Tana da aure da ɗa ɗaya ta nemi aiki a gidan burodin wani mutum, aka sa ta a teburin ƙulla leda tare da sauran mata. Kwaɓi da gashi na maza ne a gidan. Ta ce mini hannunta na ƙulla leda, idonta na bakin tanda, har ta san launin da bulo yake yi idan wuta ta isa. Wata rana mai gashin ya yi fushi da maigidan, ya tafi ya bar kwaɓi yana kumbura a kwanoni. Ta tashi ta ɗauki cebur ɗin katako mai doguwar ƙota, wanda ake tura burodi da shi, ba ta tambayi kowa ba. Daga ranar ba ta koma teburin leda ba.

Da mijinta ya rasu ta gina tata tandar a bayan gida. Ita da maginin sun sha faɗa a kan bakin tandar, domin ya yi shi daidai tsayin namiji, ta sa ya rushe ya sauko da shi daidai ƙugunta. Ƙofar ta ƙarfe ce, kuma tun ranar farko ba ta zauna daidai ba; akwai 'yar kafa a gefe inda zafi yake zurarewa. Gwaggo ba ta mayar wa maƙerin da ita ba. Duk lokacin da ta rufe tanda sai ta mulmula ragowar kwaɓi ta liƙe gefen da babban yatsa, tsaf, sannan ta kara bayan hannunta har sai ta ji babu iskar da ke fita. Shi ne abu na farko da take koya wa duk wanda ya zo aiki, cewa zafin da ya fita asara ne.

Da wannan tandar ta yi wa 'ya'yanta makaranta, ta aurar da su, ta riƙe gidanmu a shekarar da mahaifina ya rasa aiki. Gashi biyu ake yi, na safe da na yamma. A tsakaninsu take barci, a kan wata siririyar katifa a ɗakin fulawa, a rigingine, hannuwa a ƙirji.

Babban ɗanta shi ke sayo fulawa, shi ke kula da motar rabo da masu shaguna. Ya yi karatun kasuwanci, yana da ƙaramin ofis mai fanka da ƙofar gilashi. Gwaggo tana kiransa Manaja, da wata irin murya da ba ka sanin yabo ne ko tsiya. Ni Yaya nake ce masa.

A shekarun baya-bayan nan jikinta ya yi nauyi, wuya ya cika, hawan jini ya shigo. Barci kuma ya fara kama ta a inda bai kamata ba: tana cikin ciniki da mai kawo itace, ko tana riƙe da kofin shayi. Idan aka taɓa ta sai ta buɗe ido ta ce tunani take.

Wata safiya, rana ta riga ta fito, ta yi zubin ƙarshe na gashin safe, ta liƙe ƙofa, ta zauna a kan akwatin lemo da aka kife tana jira. Dogo, tsohon ma'aikacinta mai kwaɓi, yana ciki yana wanke inji. Ƙauri ne ya fito da shi. Ya tarar burodin ya zama gawayi, Gwaggo kuma ta karkace, hannunta yana jingine da ƙofar ƙarfen. Sai da ya janye ta sannan ta farka.

"Tunani nake," ta ce masa, tana kallon fatar da ta saluɓe.

"To tunanin ya ƙone, Uwa," in ji Dogo.

Kafin ƙunar ta bushe Yaya ya ɗauko wani saurayi mai gashi daga wani gida, ya sa wa Gwaggo kujera mai laushi a gaba, wurin sayarwa.

"Wannan ta waye?" ta tambaye shi.

"Taki ce, Mama. Ki zauna ki dinga ganin masu saye."

"Tun kana cikin tsumma nake ganinsu. Ba su canza ba."

"Mama, da Dogo bai fito ba fa?"

Ba ta zauna ba. Ta wuni a tsaye kusa da kujerar, tana leƙen saurayin ta ƙofar baya.

Ni ta zaɓa in dinga kai ta asibiti wankin ciwo, wai don ni kaɗai ne a dangi nake bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa. A zuwanmu na biyu barci ya ɗauke ta ana cikin goge ƙunar, abin da ke sa manyan maza cije leɓe. Likitan ya tsaya da auduga a hannu yana saurare. Gurnanin ya fara, ya yanke. Ya jira har ta fizgo numfashi, sannan ya tashe ta.

"Mama, kina minshari?"

"Ni? A'a."

Ya juyo ya kalle ni. Na kalli takalmina.

"Ɗan nan, ɗago kai ka faɗa masa," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, masu faci ma sun sani."

Har muka dawo gida fushi take yi da ni. Amma ta karɓi 'yar na'urar gwajin da likita ya bayar: ɗamara a ƙirji, wani abu mai matse yatsa, da siririn tiyo a bakin hanci. Ya ce ta kwana da su. Ta ce ita da rana take kwana, ya ce to ta wuni da su.

Ranar jin sakamako Yaya ya biyo mu. Likita ya yi bayani a hankali. Idan barci ya yi nauyi, harshe da naman bayan maƙogwaro sukan saki, sai su faɗa baya su toshe hanyar iska. Jiki ya ji yana shaƙewa, sai ya farkar da ita wata 'yar farkawa da ba ta sani ba, ta ja numfashi, ta koma, hanyar ta sake toshewa. Haka abin yake maimaituwa daga kwanciyarta har tashinta. Shekaru ke nan tana kwanciya ba ta barci. Shi ke ingiza hawan jinin, kuma yana iya taɓa zuciya.

"Akwai magani?" in ji Yaya.

"Ba na haɗiya ba. Maganin barci ma kada a kuskura a ba ta, ƙara sakin naman yake yi. Amma akwai hanyoyi. Na farko, nauyi ya ragu, wuya ya sassauta."

"Kowane gashi sai na ɗanɗana," in ji Gwaggo.

"Ɗanɗane ko cin rabin burodi?"

"Kai ma wani ya kai maka gulma."

Ya yi dariya ya ci gaba. Wasu idan sun kwanta ta gefe abin yana sauƙi, amma gwajin ya nuna nata ko ta gefen ma yana toshewa, sai dai ya ragu. Akwai wata roba da likitan haƙori yake ƙerawa, a sa a baki ta turo haɓa gaba. Ya sa ta buɗe baki, ya leƙa, ya ce yana shakka ko haƙoran da suka rage za su riƙe ta. Akwai na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa abin rufe hanci da baki, iskar ta tokare hanyar kada ta rufe. Ita ce ta fi aiki ga irin nata, in dai mutum zai jure sa ta a kowane barci. Sannan akwai tiyata, a rage naman.

"A yi tiyatar," in ji Yaya. "Sau ɗaya a huta."

"Ba kowa take yi wa aiki ba," in ji likita. "Wani a yanka, minsharin ya ragu, toshewar tana nan. Nata kuma yawanci daga harshe ne."

"A maƙogwaron wa za a yi?" in ji Gwaggo. "In naka ne, Manaja, ga likita ga ka."

A mota suka ƙarasa. Yaya ya ce ba zai bari ta koma bakin tanda tana wannan barcin ba, ko da za ta tsine masa. Ranar da likita ya ce abin ya kau, shi da kansa zai miƙa mata cebur.

"Miƙa mini? Ba wanda ya miƙa mini shi tun farko. Ɗauka zan yi."

Ta fara da masu sauƙin. Matar Yaya ta ɗinka mata ƙaramar ƙwallon yara a bayan wata tsohuwar riga don ta hana ta rigingine. Gwaggo ta kwanta a kan ƙwallon har ta lotse. Likitan haƙori ya taɓa haƙoranta na baya, suka yi motsi, ya girgiza kai. Tafiya kuwa ta kama ta da fushi: kullum bayan gashin safe sai ta zagaya unguwa da sauri kamar mai bin ɓarawo, ba ta amsa gaisuwar kowa da kyau.

Ranar karɓo na'urar mai hura iska ina wurin aiki, Yaya ne ya kai ta. Da yamma na je na tarar ta baje kayan a kan buhu: akwati ɗan ƙarami mai maɓallai, dogon tiyo, da abin fuska na roba mai igiyoyi.

"Zo ka ga takunkumina," ta ce. "Na tsufa an ɗaure mini baki kamar jakin da ke cin hatsin mutane."

Matar Yaya ta so a ajiye ta a gida, a ɗaki, inda ba wanda zai gani ya ce jikin Mama ya yi tsanani. Gwaggo ta ce inda take barci nan na'urar za ta zauna. Dogo ya jawo mata waya daga janareta zuwa ɗakin fulawa. Wasu maƙwabta da suka hango ta da tiyo a fuska sun shigo dubiya da lemo da fuskar jimami. Ta karɓi lemon, ta ce su koma, ba a fara rabon gado ba tukuna.

Minsharin ya ɗauke tun ranar farko. Masu faci har suka aiko tambaya ko lafiya. Amma Gwaggo ba ta samu sauƙi ba. Takan tashi da ciwon kai kamar ana sara mata goshi, ido ja, zuciya tana tashi, jiki ya fi da nauyi. Wani lokaci ta farka ta tarar ta fizge takunkumin ta jefar ba ta sani ba. Ta ɗauko ta sake ɗaurawa, ta ƙara matse igiyoyin har suka yi mata shaida a kumatu. Makonni suka wuce a haka. Rannan tana ba wata yarinya canji ta yi gyangyaɗi a tsaye, Yaya yana kallo ta gilashin ofis.

Bai yi faɗa ba. Ya fito ya ce a hankali an gwada na'ura ta ƙi, saura tiyata, ya riga ya nemi ganin likitan da ke yi. Ya kuma ce saurayin mai gashi ya fi sanin tandar gas, mai ƙararrawa idan burodi ya nuna. Idan dai Mama ba za ta koma ba, bai ga amfanin riƙe tandar bulo tana cin itace ba.

Na same ta da la'asar a ɗakin fulawa, zaune a bakin katifa, takunkumin a cinyarta. Ta daɗe tana magana, ni ina jin ta.

"Ba wuƙar nake tsoro ba, ɗan nan. Na haihu biyar, na san ciwo. Amma abin da aka yanke ba ya dawowa. Wannan in ta ƙi sai in jefa ta a bola, maƙogwarona yana nan. In sun yanka bai yi ba fa? Sai su ce mun yi iya yinmu, Mama, ga kujerarki. Yayanka ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, shi kuma in ya ji tsoro sai ya sayi sabon abu. Ubansa ma haka yake. Tandar nan da za su rushe, ni na san inda take cin wuta da inda take sanyi. Ƙararrawa za ta gaya musu wannan?"

"To me za ki yi, Gwaggo?"

"Gobe ka kai ni in mayar musu da kayansu. In ji daga bakinsu me ya sa abin da ke yi wa kowa aiki ni yake sara mini kai. In lalatacciya suka ba ni, su canza."

A ɗakin masu na'urorin wata nas muka samu, gajera mai tabarau, ba ta da gaggawa. Gwaggo ta dire jakar a tebur ta zazzage mata komai. Nas ta saurara har ƙarshe. Ta kunna na'urar, ta ji ƙararta, ta duba tiyon, ta ce ba ta ga matsala ba.

"Mama, hau gadon nan ki nuna mini yadda kike sawa. Daidai yadda kike yi a gida, kada ki rage komai."

Gwaggo ta hau, ta ɗaura takunkumin, ta ja igiyoyi, ta danna maɓalli. Sannan ta sa hannu a jakarta ta ciro wani ɗan ƙullin leda. Ta kwance, ta gutsuro kwaɓi, ta mulmula a tafin hannu, ta kai gaban takunkumin inda wasu ƙananan ramuka suke jere, ta liƙe su da babban yatsa, tsaf. Ta kara bayan hannunta ta ji. Ta gyaɗa kai, ta kwanta.

Nas ta cire tabarau. Ta matso da sauri ta ɓamɓare kwaɓin, ta kashe na'urar.

"Mama, mene ne wannan?"

"Kwaɓi."

"Na ga kwaɓi ne. Me yake yi a nan?"

"Abinku yana yoyo. Tun ranar farko na ji iska tana fita ta nan, har tana hura mini hannu. Iskar da ya kamata ta shiga maƙogwarona tana tafiya a banza. Ba na son in dame ku, sai na gyara. Da na tashi nake cirewa in wanke, ba na barin ƙazanta."

"Kullum kike yi?"

"Ban taɓa fashi ba."

Nas ta zauna a kujera. Ta ce, "An ce mini gidan burodi ne da ke. Tandarki tana da bututun hayaƙi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Akwai tandar da ba ta da shi?"

"Kina liƙe shi da kwaɓi?"

"In kashe wutar in kashe kaina?"

"To waɗannan ramukan su ne bututun. Da gangan aka huda su. Ta nan numfashin da kika fitar yake fita. Kin toshe, kina ta shaƙar abin da kika fitar kina mayarwa ciki. Shi ne ciwon kan. Allah ne ya tsare, Mama, fizgewar da kike yi cikin barci ita ta taimake ki."

Gwaggo ta tashi zaune, ta kwance igiyoyin. Ta juya takunkumin a hannunta tana kallon ramukan. Can ta ɗago.

"Da sai ku faɗa."

"Ni na faɗa da bakina ranar da kuka zo karɓa. Kina kan kujerar can kina barci, ɗanki kuma ya fita amsa waya, ya dawo ya ce ya gane komai."

"Manaja ya ce ya gane komai," in ji Gwaggo, a hankali, kamar mai adana maganar a wuri mai kyau.

Nas ba ta gama ba. Ta buɗe wata 'yar ƙofa a bayan na'urar ta zaro matacin iska. Ya yi fari fat, ya daskare kamar an tsoma shi a kwaɓi. Ta tambaya a ina ake kwana da ita. Da ta ji, ta ce ɗakin fulawa kam an gama da shi, a nemi ɗaki mai ƙofa wanda gari ba ya shiga. Ta sassauta igiyoyin, ta nuna mata cewa matsewa da yawa ma yana kawo yoyo ta gefe, kuma wannan yoyon na gefe shi ne wanda ake gyarawa, da hannu, ba da kwaɓi ba. Ta sa ta maimaita komai a gabanta, ido biyu.

Ɗaki mai ƙofa wanda gari ba ya shiga guda ɗaya ne a gidan burodin. Da muka koma Gwaggo ta kira Dogo da saurayin mai gashi ta ce su fito da teburin Manaja su ajiye a baranda. Yaya ya dawo daga rabo ya tarar da katifa a ofishinsa, na'ura a kan kujerarsa, fanka tana juyawa.

"Mama, mene ne haka?"

"Umarnin asibiti ne. Ai ka gane komai."

Ya kalle ni, na ba shi labari. Ya dafe kai. Ya fara dariya, sai kuma ya daina, ya juya baya ya daɗe yana kallon bango. Daga ranar a baranda yake aiki, yana danne takardunsa da dutse saboda iska.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Takunkumin ya ci gaba da ba ta haushi, bakinta yana bushewa, sai da aka koya mata zuba ruwa a wani ɗan kwano da ke cikin na'urar. Amma ciwon kan ya tafi. Ta fara tashi da kanta kafin a tashe ta. Wata rana ta kira ni gefe ta ce ta yi mafarki, abin da ta manta ana yi. Marigayi mijinta ta gani, yana tsaye a ƙofar gida da sabuwar rediyo, suka yi faɗa mai daɗi. Gyangyaɗin tsaye ya ɗauke. Mai kawo itace ya yi ƙorafi cewa da can yakan samu ya wuce da farashinsa, yanzu kuwa tana jin kowace kalma.

Da muka koma, likita ya duba bayanin da na'urar take ajiyewa na kowane barci. Ya ce toshewar ta ragu ƙwarai, hawan jinin ma ya fara sauka. Yaya ya tambaye shi ko ta warke.

"Ba warkewa ba ce. Ranar da ta kwanta babu na'urar, abin zai dawo. Ko ɗan kishingiɗa za ta yi, ta sa. Nauyin ma a ci gaba da rage shi. Aiki kuwa ban ga abin da zai hana ta ba, sai dai a farkon nan kada a bar ta ita kaɗai a bakin wuta."

A hanya Yaya ya yi ta juya maganar. Likita bai ce ta warke ba. A ƙara ɗan lokaci a gani. Ba a gaggawa da wuta. Gwaggo tana kallon waje ta taga.

Mun iso ana shirin gashin yamma. An kwashe garwashi, an share cikin tandar, kwanoni suna jere a kan katako, kwaɓi ya kumbura ya yi sumul. Saurayin yana tsaye da cebur a hannu. Gwaggo ta wuce kujerar gaba, ta wuce baranda, ta ɗaura ɗankwalinta ta baya, ta naɗe hannun riga har tabon ƙunar ya fito. Ta miƙa hannu. Saurayin ya kalli Yaya.

"Ni za ka kalla," ta ce. "Shi fulawa yake sayowa."

Ya sakar mata. Ta zura hannu a bakin tandar ta ji zafin, ta fara turawa, layi bayan layi, Dogo yana miƙo mata kwanoni ba tare da ta juyo ba. Ta rufe ƙofa, ta liƙe gefen, ta jawo akwatin lemo ta zauna.

Nan ne wurin da kowa yake tsoro, zaman jira a cikin ɗumi. Yaya ya tsaya a bayanta, hannuwa a aljihu. Dogo ya fasa komawa ciki. Ni ma na samu buhu na zauna. Gwaggo ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Likita ya ce mutum ɗaya, ba taron biki ba. Ba ku da aiki ne?"

Ba wanda ya motsa. To, tunda an tsaya, ta ce, sai a ji. Ta fara da saurayin: ya bar toka ta taru a lungun hagu, ya cika yis a kwaɓi don burodi ya yi girman banza. Ta koma kan Dogo da ya gani ya yi shiru. Ta gangaro kan Yaya da tandarsa mai ƙararrawa, ta tambaye shi ko ƙararrawar za ta dinga tashinsa ne shi ma idan ya fita amsa waya. Idonta a buɗe tar, gumi yana bin wuyanta. Tana tsakiyar wata magana ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta miƙe.

Ta ɓamɓare kwaɓin, ta buɗe ƙofa, ta fara zarowa. Layukan farko sun fito jawur, daidai. Na gefen hagu kuwa sun yi duhu a sama, ba ƙonewa ba, amma duhun da mai saye zai juya ya ajiye. Kowa ya gani. Yaya ya matso ya ɗauki ɗaya yana juya shi a hannu saboda zafi.

"Faɗi abin da ke bakinka," in ji Gwaggo.

"Ban ce komai ba, Mama."

"Ba barci ba ne wannan, kana tsaye ka gani. Tandar ce ta canza hali, an yi watanni ana hura ta gefe ɗaya. Sai na sake koyon ta, ita ma ta sake koyona. Waɗannan a raba wa masu faci."

Yaya ya ajiye burodin. Ya kalli cebur ɗin da ke hannunta, ya kalli kwanonin da ke jiran zubi na biyu. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya ɗauko kwano biyu ya miƙa mata.

"Ta dama zan fara," ta ce. "Ka riƙe da kyau, ba takarda ba ce."